Ɗakin da Aka Bar wa Gara

Ranar da gara ta cinye ƙafar kujerar Alhaji Zaharaddeen, ranar ce aka yarda akwai gara a gidan marigayi Malam Jinjiri da ke Batsari. Kafin nan shekara uku cur Goggo Larai tana faɗa, ana ce mata tsufa ne ke sa ta jin ƙas-ƙas a cikin bango. To, sai ga Alhaji ya dawo daga ofis da baƙi biyu, ya tattare babbar riga ya zube a sabon falonsa, kujera ta ce ɓaras. Ƙafafu suka kalli silin, hula ta gangara ƙarƙashin tebur, baƙi suna yi masa sannu suna cije leɓe kada dariya ta kuɓuce. Kafin a kira la'asar ya buga waya Katsina, ya ce a turo masa mai maganin gara ko nawa ne.

Da labari ya iske Goggo tana tsinkar zogale a ƙofar ɗakinta, sai ta ce alhamdu lillahi, ashe garar ma ta gano ofishin da ake kai ƙara.

Goggo Larai ƙanwar Malam Jinjiri ce, mahaifin Alhaji. Ita ta goyi Zaharaddeen da ƙanensa Nasiru tun mahaifiyarsu ta rasu ta bar su da majina a hanci, ita kuwa Allah bai ba ta nata ba. Ɗakinta na ƙasa ne, soro mai azara, yana zaune daram a tsakiyar gida. Da Malam ya rasu ba a kira kowa an raba gado ba. Zaharaddeen ya ja gabas ya zuba bulo da tayil, Nasiru ya ja yamma ya yi ɗaki biyu, ya danna kwaɗo ya koma Safana wurin cinikin hatsinsa. Ɗakin tsakiya aka ce a bar shi sai an zauna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana neman tabarmar da za a yi zaman.

Ita dai Goggo burinta ɗaya ne a duniya, kuma duk unguwa an san shi: ta cika a ɗakin nan, a buɗe adudunta a ɗauko likkafaninta a naɗe ta. Farin yadi ne da yayanta Malam ya zo mata da shi daga Makka, ya tsoma shi a zamzam da hannunsa. Yana ninke cikin adudu tare da ƙullin kanumfari, adudun kuma yana rataye a ragaya jikin azara don kada ya taɓa ƙasa. Duk goshin azumi sai ta sauke ta shanya shi ya sha iska, ta sake ninkewa tana yi wa Malam addu'a.

Kwana biyu sai ga mai magani. Gambo sunansa, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya zo a babur ya ɗaure jarka biyu da famfon feshi da injin huda siminti. Goggo ta zaci zai shigo yana feshi kamar masu maganin sauro. Ina! Sai ta ga ya zaro sukundireba da tocila, ya kama bin bango yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne kamar mai sayen kankana. Inda katako ya amsa da nauyi ya wuce, inda ya ji holoƙo sai ya soka ya yi alama da alli. Ya leƙa silin, ya ɗaga wani tayil da ya saki, can sai ya samu wata siririyar hanyar ƙasa da gara ta gina a gindin bango, ya bi ta a duƙe. Ta fitar da shi daga falo, ta bi da shi bayan madafi, ta ratsa gindin randa, ba ta dire shi ko'ina ba sai ƙofar Goggo.

Ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Suka gaisa tsaf, tun daga kwana da gajiya da zafin bazara har mutanen Katsina da Goggo ba ta taɓa gani ba, sannan ya nemi izini ya shiga. Ya haska sama, ya miƙa sukundireba ya taɓa azarar farko, ƙarfe ya shige har mariƙi kamar an soki dafaffen rogo. Ta biyu haka, ta uku haka. Masu cewa gara ba ta iya azara ba, da sun zo sun ga aiki. Ya dubi adudu, ya dubi gadon da ke ƙarƙashin azarun, sai ya yi salati.

"Baba, a nan kike kwana?"

"A'a, ɗan nan, otal nake kamawa."

Gambo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita ya sami Alhaji a tsakar gida. Goggo na jin su. Ya ce masa garar falo 'yar aike ce kawai, gidanta na ƙarƙashin ɗakin tsohuwa, can uwarsu take kwance tana zuba ƙwai. Ya ce aikin gaskiya shi ne a fitar da Baba kwana uku, a tona daɓen a ciro uwar, a sake azara uku, sannan a kewaye gidan duka da magani. In kuwa aka kewaye sabon gini kaɗai, an rufe wa gara ƙofofi ke nan an bar mata ɗaya, kuma duk rundunar da ke cin gida guda za ta koma kan ɗaki ɗaya.

Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai irin na mutanen ofis, wanda ke nufin an ji ba za a yi ba. Ya duƙa ya ɗauki karan dawa, ya ja layi a ƙasa tun daga zaure har bangon baya, layin ya wuce ta gaban ƙofar Goggo da taku biyu.

"Daga nan zuwa gabas nawa ne, shi za ka yi. Wancan ɗakin gado ne, ba a raba ba. In na sa masa ko cokali ɗaya na siminti, gobe Nasiru ya ce dabara na yi na mallake."

"Alhaji, gara fa ba ta san rabon gado ba."

"Ita ba ta sani ba, ni na sani."

Aka kira Nasiru a waya. Da ya ji za a kore gara daga gabas, nan take ya ce a kewaye masa nasa ɗakunan su ma, kada ta yi hijira wurinsa. Da aka zo maganar ɗakin Goggo sai murya ta yi laushi: ai Yaya ne babba, shi wane ne da zai shiga gaban babba, duk abin da Yaya ya yanke ya yi. Alhaji ya ce ba ya yanke hukunci a kan haƙƙin wani, shi mai tsoron Allah ne. Haka suka yi ta miƙa wa juna girma kamar ƙwaryar da ta ɗauki zafi, har kati ya ƙare.

Aka kawo leburori suka haƙa rami zurfin kamu guda, ya zagaye ginin Alhaji, wani ya zagaye na Nasiru. Gambo ya ɗaure hanci, ya dama magani ya yi ta kwarara, ya huda daɓen falo jere-jere ya ɗura, ya toshe da siminti. Aiki dai ya yi kyau, ba a cewa komai. Da ya gama, ya faki ido ya juye ɗan ragowar da ke cikin famfo a dokin ƙofar Goggo. Ya gaya mata gaskiya cewa wannan shafa ce kawai, ba za ta kai ga uwar ba, ya ce ta sauke adudun nan daga azara ta kai shi inda aka yi magani. Sannan ya hau babur da sauri, don hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Washegari Goggo ta rungumi adudu ta yi sallama a ƙofar Maijidda, matar Alhaji. Maijidda ta tarbe ta da fara'a, har da kawo ruwan firji, amma da ta ji abin da ke cikin adudun sai ta ja da baya ta dafe ciki. Ta ce Goggo ta yi mata rai, wata biyar gare ta, ba za ta haɗa rufi da likkafani ba, ko a sito, ko a madafi inda ake dafa abin da za ta ci. Goggo ta ce to ai likkafani ba ya fita farauta, wanda aka yanka wa shi yake jira. Maijidda ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba. Ɗakunan Nasiru kuwa makulli na Safana. Goggo ta koma da kayanta, ta kifa tsohon daro a tsakar ɗaki, ta zagaye shi da toka da baƙin mai, ta ɗora adudun a kai.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago, in ji masu magana, sai dai a nan masu gudun daban, wadda ta faɗa daban. Maganar Gambo ba ta yi sati uku ba ta tabbata. Da aka yi ruwan fari, shinge ya ɓarke daga daɓen Goggo kamar hayaƙi, kajin Maijidda suka yi babbar salla. Bayan nan abu ya zama na kullum. Ta idar da asuba ta ɗaga tabarma, rabin tabarma ya zauna a ƙasa. Ta jingine muciya, kwana biyu ta ɗauko ta ji ba nauyi. Faifai ya tafi, asabari ya bi shi, katin asibitinta da ke soke a bango ya koma ƙasa. Ƙafar gado ɗaya ta zube, ta tokare da dutse, ta biyu ta zube, ta ƙara dutse, har gadon ya zama rabi na kafinta rabi na Allah. Kowace safiya sai ta karkaɗe garin ƙasa daga kan adudu, don yanzu ta sama abin ke zubowa.

Duk sanda ta tare Alhaji a zaure, da amsarsa a aljihu. Yau ya ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, ya ce a bari a gama hidimar salla. Salla ta wuce, ya ce an tura shi taron bita Katsina. Da ya dawo ya ce ai damina ta kankama, ba a taɓa ginin ƙasa da damina. Rannan ta riƙe masa hannun riga ta ja shi har cikin ɗakin, ta nuna masa azarar tsakiya da ta yi ciki kamar akuya mai wata huɗu. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje don ko-ta-kwana, ya fara wa'azi. Ya ce ajali ba ya jiran azara, wani yana cikin bene ya mutu, wani yana bukka ya shekara ɗari, kuma ɗakin da ake salla da tasbihi irin nata Allah ba zai bari ya faɗi ba.

"To Deeni, kai da ba ka tashi asuba sai rana ta haska maka ƙeya, shi ya sa ka yi wa naka magani?"

Ya ce Goggo ba ta rabo da barkwanci, ya duba agogo ya fice.

Da ta ga gabas ba haske sai ta nufi yamma. Wata Litinin ta yafa mayafi ta shiga motar Safana, aka matse ta tsakanin buhun barkono da wata mai goyo. Nasiru ya tarbe ta kamar gwamna. Ya durƙusa har ƙasa, ya sa aka yanka kaza, ya yi ta cewa Goggo da kanta, Goggo da kanta. Da ta kawo maganar ɗaki sai ya sunkuyar da kai ya ce wallahi abin na cin ransa, ba ya ko barci, amma hanya ce ba lafiya, shi ya sa bai zo an zauna ba. Goggo ta dube shi. Ta san duk ranar kasuwar Batsari motarsa na wucewa ta ƙofar gida cike da buhuna, har odar gaisuwa direban ke yi. Ta ce to ya ba ta makullin ɗaki ɗaya ta ajiye adudu kawai, ba kwana za ta yi ba. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya ce ai makullan sun ɓace tun bara, sai an kira mai fasa kwaɗo, kuma fasa kwaɗo a gidan gado ba ya yiwuwa sai an zauna.

Kafin ta tafi ya zagaya da ita ta sa wa sitonsa albarka. Nan ta ga ikon Allah. Buhunan masara a jere bisa katako, ba wanda ya taɓa ƙasa, ba wanda ya jingina da bango, rufin kwano sabo fil, ga warin maganin nan irin na Gambo. Nasiru yana ta bayani da alfahari cewa duk wata uku sai an zo an duba masa, don gara ba a yi mata sakaci. Goggo ta shafa buhu ɗaya ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya sa a cikin masara ya ga uwa. Bai gane ba, ya ce amin.

A mota ta yi kuka, ba za a ɓoye ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, da ledar ragowar kaza a cinyarta. Ba garar ce ta sa ta kuka ba. Tunowa ta yi da shekarar da ƙyanda ta kama su su biyun, ta kwantar da su a ɗakin nan ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta yi kwana tara ba ta miƙe ƙafa ba. Maƙwabciyarta Asta ta sha ce mata ta kai su wurin mai unguwa, ita kuwa ta ce ba za ta tsaya gaban maza ta tona asirin yaran da ta wanke wa kashi ba. Wannan kunyar su ma sun san da ita, a kanta suka shimfiɗa tabarma suka miƙe ƙafa.

Marka ta zo, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Goggo ta jera kwanoni a ɗaki suna tarar yoyo, ta lulluɓe adudu da buhun leda. Rana ta uku da hantsi ashanarta ta jiƙe, ta yafa buhu ta leƙa gidan Asta ɗebo garwashi. Tana tsugune a bakin murhun Asta sai suka ji rugum, ƙasa ta amsa. Goggo ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta ajiye kaskon wuta a hankali ta ce, shi ke nan, ya gaji.

Mutane suka cika gida ana barka da arziki. Alhaji ya dawo daga ofis a guje, ya rungume ta a gaban jama'a har da ƙwalla, yana cewa da ma ya sha gaya mata ta fita daga ɗakin nan. Nasiru ya bugo waya ya ce zai yi sadakar buhun gero. Ihu bayan hari dai ya samu masu yi da kyau. Goggo ba ta saurari kowa ba, tana tsaye cikin yayyafi tana nuna tsakiyar tarin ƙasar, tana cewa adudu na nan, daidai nan, in aka sa hannu yanzu za a ciro shi lafiya. Mijin Asta da wasu maza uku suka ce bari su ɗauko shebur. Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce kada a taɓa ko hoge ɗaya sai Nasiru ya zo ya gani da idonsa, kada gobe a ce ya kwashe azarun gado. Da suka dawo washegari ya tare su a zaure, ya ce gidan matan aure ne, ba a shiga haka nan. Leburorin da suka yi masa rami a tsakar gidan nan kuwa, ko su mata ne, oho.

Aka shimfiɗa wa Goggo tabarma a madafi, tsakanin buhun gawayi da turmi. Nan take kwana, nan take salla, in Maijidda ta hura wuta ta fito waje ta jira hayaƙi ya lafa. Da rana sai ta ɗauki fartanya ta je ta yi ta ƙwaƙular tarin ƙasar, ta ɗebe abin da bai fi cikin ƙwarya ba, baya ya riƙe, ta rarrafo ta dawo. Ruwa ya yi ta dukan tarin yana daɗa daddaɓe shi, har ciyawa ta tsiro a kai, awaki suka mai da shi wurin hutawa. Idan ta kara kunne tana jin ƙas-ƙas ɗin nan a ciki, yanzu kuwa ba mai ce mata tsufa ne, don ba mai tsayawa ya ji.

Sai kaka ta yi. Masara ta yi kyau a shekarar, ta faɗi warwas a kasuwa, duk mai ɗan hali yana saye yana ɓoyewa sai ta yi tsada. Siton Nasiru ya cika har baki, Alhaji ma ya shiga harkar ba shi da wurin zubawa. Sai ga Nasiru a Batsari da kansa, hanya ta warke rana ɗaya. Suka zauna a falo, ba liman, ba mai unguwa, ba dattijo ko ɗaya. Zaman da aka shekara goma sha ɗaya ana jira, kafin shayinsu ya huce an gama shi. Filin tsakiya za a share a yi sito na haɗin gwiwa, ƙofa biyu, kowa da makullinsa. Goggo kuwa ai ta saba da madafi, ga ɗumi ma.

Ba a zuba hatsi a gidan gara, wannan ko yaro ya sani, don haka aka sake kiran Gambo. Ya shigo ya ga tarin ƙasa inda ya bar ɗaki, ya tsaya cak, sai da ya hango Goggo zaune a ƙofar madafi sannan ya sauke numfashi. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Alhaji ya ce masa wannan karon aikin gaskiya ake so, a tono uwar, a jiƙa ko'ina da magani. Gambo ya tambaya ina layin. Alhaji ya ce wane layi.

Leburori suka sa shebur. Ba su yi rabin sa'a ba suka kai ga daro, ga adudu a kansa da siffarsa kamar ba abin da ya same shi. Goggo ta taso da sanda. Ta sa hannu za ta ɗaga murfi, murfin ya marmashe a yatsunta. Ciki ba komai sai jar ƙasa mai ƙofofi, da zare-zare, da ƙwayoyin kanumfari da gara ta ƙi. Ta yi ta tonawa da yatsa, ta yi ta tonawa, har ta samu wani ƙyalle da ya rage a can tsakiyar ninki. Ta karkaɗe shi. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Ba ta yi kuka ba. Nasiru ya yi gyaran murya ya ce Goggo ta yi haƙuri, yadi ne, kasuwa cike take da shi, in ranar ta zo shi da kansa zai sayo wanda ya fi wannan. Alhaji ya ce a'a, wannan nauyin babba ne, shi zai saya. Nasiru ya ce ai ba a yi haka ba, shi ma goyonta ne. Har murya ta fara tashi. Goggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Tun da suka girma, yau ce rana ta farko da ta ga suna rige-rigen yi mata wani abu.

Can Gambo ya yi kira daga cikin rami. Daidai inda gadonta yake a da, zurfin ƙugu, ya ciro wani dunƙulen ƙasa mai tauri kamar tukunya. Ya ɗora a fili ya sa adda ya raba shi biyu. Ga ta nan kwance, fara sol, tsawon yatsa da kaurinsa, jikinta na motsi a hankali. Ƙananan gara suka yi caa a kanta, wasu na lulluɓe ta, wasu na ja, wasu masu jan kai sun buɗe baki sun tsaya wa adda.

Kowa ya matso kallo. Gambo ya ce wannan ita ce uwar. Ba ta iya tafiya, ba ta iya ci da kanta. 'Ya'yanta ke ɗebo abinci su sa mata a baki, su share ta, su gina mata ɗakin da ya fi kowane ƙarfi a tsakiyar gidansu. Duk ɓarnar da aka ga sun yi, ita suke kai wa. Kuma ga shi an fasa, ba wanda zai gudu ya bar ta, a nan za su ƙare.

"A tsakiyar gida ka ce, ɗan nan?" in ji Goggo.

"A tsakiya, Baba."

"Ɗakin nata, wa ya gyara? Na gabas ko na yamma?"

"Duka suke yi."

"Ba su jira an zauna ba?"

Gambo ya sunkuyar da kai yana goge adda da ƙasa. Leburori suka daina dariya. Alhaji ya zaro waya yana dubawa alhali ba ta yi ƙara ba, Nasiru kuwa ya sami wani abu a takalminsa da ke buƙatar kallo. Maijidda, da jaririnta a kafaɗa, ta ce daga bakin ƙofa a jefa wa kaji mana.

Goggo ta ce a'a. Ta jingine sanda, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Ta shimfiɗa ƙyallen nan a tafin hannunta, ta sa yatsa biyu ta ɗauki uwar garar ta kwantar a kai, ta ninko dama, ta ninko hagu, ta rufe kai da ƙafa. Ya ishe ta cif, ba ragi ba ƙari.

"Kun gani ko? Sun cinye nawa, amma sun rage wa uwarsu daidai nata. Wanda ya haifi irin waɗannan ai ya haifu."

Ta miƙa wa Gambo hannu ya tashe ta. Ta karɓi fartanya a hannun wani lebura, ta ratsa tsakanin Alhaji da Nasiru ba ta dubi kowa ba, ta nufi bayan madafi da ɗan ƙullinta a hannu, tana neman inda ƙasa ke da laushi.